GWANKI SHA BARA: INA NAMUN DAJIN RUGU SUKA SHIGA?

 Na san wata tana ganin kan wannan magana za ta taɓe baki ta ce, "Yau kuma me ya haɗa mai rubuta littafin soyayya da zancen farauta, sana'ar maza masu karnuka da gora?" To 'yar'uwa ki yi haƙuri ki gyara zama, domin kuwa zancen nan ya shafi tukunyarki, ya shafi itacen da kike hurawa, ya kuma shafi mijin da kike jira ya dawo gida lafiya. Ni 'yar ƙasar Jibiya ce, mutanenmu suna Farfaru, nan bakin iyakar Nijeriya da Nijar, inda in kin miƙe arewa sai Ɗan Isa sai Maraɗi, in kin yi kudu kuwa sai dajin Rugu. Tarihin wannan daji da namun da ke cikinsa nake son mu ɗan taɓa.

Da farko ki gwada wani abu. Ki kira yaronki ki ce ya kwatanta miki gwanki. Wallahi da wuya ya iya, ke kanki ma ƙila sai kin yi kame-kame. Alhali kullum muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, muna yi wa jarumi kirari da gwanki sha bara, muna kiran uwargida giwar mata. Sunayen suna bakinmu, masu sunayen kuwa sun ɓace mana. Gwanki dai babban naman daji ne, jikinsa ja-ja mai ɗan toka-toka, fuskarsa da zanen baƙi da fari, kunnuwa dogaye, ƙahoni sun lanƙwasa baya. Babban namiji yakan kai kilo 250 har ya ɗara, wato kusan ɗan bijimi. Ga ƙarfin hali, domin in aka ji masa rauni yakan durƙusa ya jira mai zuwa da ƙaho. Da ƙahon nasa ake yin ƙahon busa na fada da na farauta.

Farauta tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, ta girmi sarauta ma a wurare da yawa. Garuruwa nawa ne in kin tambayi asalinsu za a ce miki wani maharbi ne ya fara kafa bukka a gindin wata tsamiya ko kusa da wani tafki? Ko Tarihin Kano ya nuna Barbushe, na zuriyar Dala, ƙasaitaccen mafarauci ne mai kashe giwa. Kuma iri biyu ne masu shiga daji. Akwai maharbi, mu Katsinawa mu ce mahalbi, shi kaɗai yake tafiya ko su biyu, da baka da kwari, gadon gidansu ne, shugabansu shi ne Sarkin Baka ko Sarkin Dawa. Akwai kuma 'yan farauta masu fita gayya da rani bayan an kawar da amfanin gona, da karnuka da gora da barandami, da makaɗa, kowa na ta kirari. Su zomo da gafiya da zabo da gada suka fi samu. Manyan namu irin su gwanki da ɓauna da giwa kuwa aikin maharbi ne.

To yaya aka yi ƙasarmu ta zama matattarar namun daji? Abin mamaki, yaƙi ne ya jawo. Bayan an fara jihadi a 1804, birnin Katsina ya faɗa hannun Malam Ummarun Dallaje a 1807. Sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa su ma bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri, nan kusa da Maraɗi. Daga nan aka shiga kai hari da ramuwa shekara da shekaru, musamman zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore a tsakiyar ƙarni na 19. Mu kuwa ƙasarmu ita ce tsakiya, ta nan mahara ke bi. Wa zai zauna ya yi noma a hanyar dawaki? Sai mutane suka watse suka koma garuruwa masu ganuwa, gonaki suka koma saura, saura ta koma kurmi. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya biyo daga Gazawa zuwa Katsina a farkon 1851, ya ratsa daji mai ban tsoro babu kowa, ya wuce kufan Ɗankama. Kin ga ke nan inda mutum ya tashi, nan giwa da gwanki suka gaje.

A wancan zamani maharbi mutum ne mai daraja. Shi ya san mashaya, shi ya san hanya, shi ke yi wa fatake da mayaƙa jagora, shi ke hango ƙurar mahara ya rugo ya faɗa wa gari. Shi ke kawo fata ga majema da dukawa, shi ke kawo saiwa da sassaƙe na magani. In kura ko zaki ya addabi dabbobin gari, ƙofarsa ake bugawa.

Akwai wani ƙanin kakata, Allah Ya jiƙansa, maharbi ne na gado. Lokacin da na san shi ya tsufa, bakansa na rataye a zaure ya yi ƙura. Wata rana ina 'yar budurwa na kai masa fura na ce, "Baba, wai da gaske ka taɓa kashe gwanki?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, kashewa ai ita ce ƙarama. Nemansa shi ne aiki." Ya ce abu na farko iska. Maharbi yakan ɗebi toka ko ƙasa mai laushi ya saki ya ga inda ta nufa, domin in iska ta ɗauki warinka ta kai wa nama, to ka yi asarar yininka. Na biyu sawu. Daga sawu yake gane namiji ne ko mace, jiya ya wuce ko ɗazu, tafiya yake ko gudu. Na uku haƙuri, domin yakan hau bishiya a bakin mashaya tun asuba bai motsa ba, cinnaka na cizo, ba halin susa. Wani lokaci kuma ya ɗaura kan burtu a goshi ya yafa baƙin zane, ya riƙa rarrafe yana kaɗa kai kamar tsuntsun yana kiwo, har ya matso inda kibiya za ta kai.

Kibiyar kuwa da dafi take, wanda ake dafawa da 'ya'yan kwankwani. Ba nan take nama ke faɗuwa ba, sai ya ruga, maharbi ya bi jini da sawu, wani lokaci har faɗuwar rana. In ya same shi sai ya yanka, ya yanke tsokar da kibiya ta shiga ya jefar. Na ce, "Baba, in dare ya yi ba ka gan shi ba fa, sai ka dawo gida?" Ya ɓata rai ya ce, "Wanda ya harbi nama ya bar shi ya ruɓe a daji ba maharbi ba ne, maɓarnaci ne. Can za ka kwana." Ya ce a gidansu ba a harbin mace mai ciki ko mai shayarwa, ba a kashe abin da ya fi ƙarfin ɗauka da ci, kuma in damina ta faɗi an rataye baka sai kaka, domin lokacin haihuwar namu ne, lokacin noma ne kuma. Ko a al'adar mutanen da, ba a shiga farautar gayya sai an yi buɗin daji. Malamanmu ma ai sun karantar da mu a Risala cewa farauta don neman abinci halal ce, ta wasa da nishaɗi kuwa makaruhi ce.

Nama in ya iso gida, nan aikin mata ke farawa. Ki tuna babu firji. Gwanki guda ya fi ƙarfin gida ɗaya, sai a fitar da na mai gari, a aika wa maƙwabta da surukai, saura a yanyanka shi sirara a shanya, wani a yi banda a kan wuta mai hayaƙi, wani a soya a zuba a tulu da mai. Matar maharbi ita ta san yadda za ta ja wannan nama ya kai wata da watanni a miyar kuka. Ita ce kuma mai kwana da fargaba, domin tsoro na daji kunya na gida, ba kowane mai fita ke dawowa da ƙafafunsa ba.

To sai abubuwa suka fara juyawa. Wajen 1891 annobar bushiya ta ratso ƙasashen nan ta kashe shanu ba adadi, ta haɗa da ɓauna da wasu namun daji. A 1903 Turawan Ingila suka shigo Katsina, Faransawa kuma suka riƙe arewa. Tsakanin 1906 da 1908 aka bi aka kakkafa duwatsun iyaka, aka raba 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, wannan ya zama na Ingilishi wancan na Faransi. Amma hari ya ƙare, kuma zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta har 1944, mutane suka riƙa komawa kufan kakanninsu suna sassabe. Alheri ne babba, ba mai musu. Sai dai kowace gona da aka sara, makwancin wani nama ce aka tasa. Aka shigo da noman gyaɗa da auduga na sayarwa, mutane suka yawaita, shanu suka yawaita.

Hukuma ta yi nata ƙoƙari. An keɓe gandun daji na Ruma da Kukar Jangarai, aka sa malaman daji suna tsaro. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar namun daji a 1963, ta yi ta makiyaya a 1965. Gwamnatin tarayya ta yi doka mai lamba 11 a 1985 don kare namun da ke shirin ƙarewa, duniya kuma ta hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe a 1989. Amma doka a takarda daban, daji daban. Bindiga ta maye gurbin baka, tun daga harba-ka-ruga har zuwa ta zamani. Aka zo da fitilar goshi ana farautar dare, haske ya dallare idon nama ya tsaya cak, mai ciki da mai goyo duk ɗaya. Aka zo da mota ana kai nama birni. Ga cinna wa daji wuta don ɓera da gafiya. Sannan farin 1973 da na 1984 suka busar da mashaya, suka tura mutane da dabbobi cikin abin da ya rage na kurmi. Har ƙarshen shekarun 1980 da cikin na 1990 akwai garken giwaye da ke kai da komo tsakanin dajin Rugu da dajin Babban Rafi na kudancin Maraɗi, su babu ruwansu da fasfo ko kwastan. Yau an daina jin ɗuriyarsu.

Abin da ya biyo baya kuwa ba sai na faɗa wa 'yar Jibiya ko Batsari ko Safana ba. Dajin da namu suka bari, maharba suka daina shiga, malaman daji suka yi ƙaranci, shi 'yan bindiga suka samu ya zama mafaka. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara aka yi daji da su. Ƙauyuka nawa suka tashi, mata nawa suka kwana a makarantun firamare da goyo a baya? Tarihi ya maimaita kansa, mutane sun sake gudu sun bar gonaki kamar zamanin Ɗan Baskore. Bambancin kawai, wancan karon da mutum ya tashi gwanki ya dawo, wannan karon kuwa babu irin da ya rage balle ya dawo. Mai son ganin gwanki yanzu sai ya nufi irin su Yankari ta Bauchi.

Kada ki ce haka duniya take, duk inda mutane suka yawaita dole nama ya ƙare. Bari in ba ki labarin wani naman daji na ƙasashen sanyi da ake kira mus. Yana Kanada da Amurka da Rasha da Suwidin da Norwe. Ya fi gwanki nesa ba kusa ba, domin babban namiji yakan wuce kilo 500, tsayinsa a kafaɗa ya kusa mita 2, ƙahoninsa masu faɗi kamar an buɗe tafin hannu, kuma duk shekara sukan zube wasu su fito. A Suwidin, a 1789 sarki ya ba talakawa masu filaye izinin farauta, kowa ya ɗauki bindiga. Kafin shekara 40 mus ya kusa ƙarewa ƙaf. Sai suka farga, suka hana harbinsa na wasu shekaru, daga baya suka tsara abin. Sai da kaka ake buɗe farauta, kowace ƙungiya a faɗa mata adadin da za ta kashe, maza kaza mata kaza, sabon maharbi sai ya ci jarrabawa, ba a harbe uwa a bar ɗanta maraya, wanda aka ji wa rauni kuma dole a bi shi da kare har a same shi. Yanzu duk shekara suna kashe dubun-dubata suna cika gidajensu da nama, mus kuwa yana nan. A tsibirin Niyufanlan na Kanada ma guda 4 aka kai a 1904, zuriyarsu ta haura 100,000.

Ki duba waɗannan ƙa'idoji da kyau, ki gaya mini wacce ce tsohon nan na zauren gidanmu bai sani ba? Lokaci, adadi, tausayin uwa, bin mai rauni, koyo kafin a riƙe makami. Su sun rubuta nasu sun tsaya a kai, mu muka bar namu aka binne da tsofaffi.

Ba sai mun je ƙasar ƙanƙara ba ma. Nan Nijar, raƙuman dawa da suka rage a yankin Kure kusa da Yamai sun koma 49 kacal a 1996, su ke nan a duk Afirka ta Yamma. Hukuma da mutanen ƙauyuka suka haɗa kai aka daina taɓa su, suka hayayyafa suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Haka kuma bayan yunwar 1984 manoman Maraɗi suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani, wato in kututture ya yi toho a gona ba a sare shi, sai a rage rassa a bar masu ƙarfi su girma. Da wannan dabara miliyoyin itatuwa suka dawo a kudancin Nijar, mata suka samu itacen girki kusa da gida. Waɗannan fa 'yan'uwanmu ne, harshe ɗaya, wasu ma surukanmu ne, dutsen iyaka kawai ya raba mu.

Saura shawara, kuma gare ki nake yi 'yar'uwa. In maigidanki ko ɗanki ko ƙaninki mai fita farauta ne, kada ki raina sana'arsa, amma ki zama mai tuna masa. Ya fita cikin ƙungiyar da hukuma da sarakuna suka sani, da katin shaida da takardar bindiga, ya kuma faɗa miki inda suka nufa da ranar dawowa. Zamani ya lalace, mai bindiga da kare a baƙon wuri abin zargi ne. Ba mu manta ba, a watan Maris 2025 aka tare mafarauta 'yan Kano a Uromi ta Jihar Edo suna dawowa gida yin Salla, aka kashe 16 bisa zaton masu satar mutane ne, aka bar matansu da marayu. Ki roƙe shi ya guji ƙwayoyi da faɗan ƙwacen nama, domin ba zomon da ya kai ran mutum. Ki hana shi cinna wa daji wuta. In ya kawo miki mai ciki ko ɗan jariri, kada ki yi guɗa, ki nuna masa ranki bai so ba. Namiji yana jin maganar da aka faɗa masa a ɗaki da lallashi fiye da ta malamin daji.

A madafa kuma ki kula. Kada ki karɓi naman da aka tsinta matacce ko wanda ba ki san yadda aka yanka ba. In da rauni a hannunki kada ki feɗe, ki wanke hannu da wuƙa da sabulu, ki dafa nama ya dahu lugub. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganowa a garin Lasa na Borno a 1969, ɓera ne ke yaɗa shi, don haka ki hana yara kamun ɓera, ki rufe hatsi da abinci. Wajen itace ki rage ɓarna, ki gyara murhunki ya daina cin wuta ta kowane gefe, ki kashe garwashi in kin gama, ki dasa ko da dalbejiya ɗaya ce ko zogale a tsakar gida. Buhun gawayin nan da muke saye da araha, wata bishiya ce da ta shekara 50 a tsaye.

Kada kuma ki ce daji ba ruwan mace. A'isha Bakari Gombi ta Adamawa tun tana yarinya ta koyi harbi a gidansu, ta girma ta jagoranci maharba maza suka shiga daji neman 'yan Boko Haram. Ban ce ki ɗauki bindiga ba. Abin da nake roƙo, in akwai tsohon maharbi a danginku ko a unguwarku, ki tura yaranki su zauna gabansa tun yana da rai, su ji sunayen namu da na itatuwa da na mashaya, mai ɗan ilimi ya rubuta a littafi. Yaron da ya san darajar gwanki, in ya girma ya zama mai gari ko ɗan majalisa ko malamin daji, ba zai sa hannu a sayar da gandu ba.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Jibiya da ƙasar Katsina da Maraɗi baki ɗaya, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, Ya tsare mana mazajenmu a gida da daji, Ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.